Sharhi kan manhajar GeoGebra ga ɗalibin sakandare mai fama da aljebra, tirigonometiri da iyaka

GeoGebra manhaja ce ta lissafi wadda Markus Hohenwarter ya fara ginawa a shekarar 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg da ke ƙasar Ostiriya, kuma daga wancan lokaci zuwa yau ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin da malaman lissafi suka fi dogara da su a duniya. Ana iya buɗe ta kai tsaye a shafin intanet, ana kuma iya sauke ta a waya ko kwamfuta, bayan haka mafi yawan ayyukanta ba sa buƙatar intanet. Kyauta ce ga ɗalibi da malami. Na daɗe ina amfani da ita wajen bitar darussa da ɗaliban manyan azuzuwan sakandare, kuma hukuncina a kanta shi ne cewa ban san wata manhaja da ta fi ta nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa amsa ta zama yadda ta zama ba, amma wanda yake neman a rubuta masa aikin gida mataki bayan mataki ba zai sami biyan buƙatarsa a ɓangarorinta na zane da kalkuleta ba. Wannan hali nata shi ne ya kamata mutum ya sani kafin ya sauke ta.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne cewa GeoGebra ta zo kashi-kashi. Akwai ɓangaren zana giraf, akwai na jometiri, akwai na siffofi masu tsawo da faɗi da tsayi, akwai kalkuleta ta kimiyya, sannan akwai ɓangaren da ake kira CAS, wanda yake sarrafa haruffa da alamomi kamar yadda mutum yake yi da biro a takarda. Ga darussan da muke magana a kansu, ɓangaren CAS ne ya fi dacewa, ko kuma tarin da ake kira Calculator Suite wanda ya haɗa su duka a wuri guda, domin a nan ne umarni irin su Solve da Factor da Limit suke aiki sosai. Injin da ke wannan aikin a ƙarƙashi sunansa Giac, wanda Bernard Parisse ya rubuta a Faransa, kuma ƙarfinsa ya wuce duk abin da manhajar karatun sakandare za ta nema.

A fagen aljebra, aikin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta Solve(x² − 5x + 6 = 0), nan take ta ba da x = 2 da x = 3. Wannan ba abin yabo ba ne na musamman, domin kalkuleta ta hannu mai kyau ma tana yin haka. Abin da ya bambanta ta shi ne duk abin da aka rubuta a gefen alamomi yana bayyana a gefen zane a lokaci guda, kuma idan aka taɓa ɗaya, ɗayan ma sai ya motsa. A ɗauki y = x² − 4x + c, a ba harafin c wata ƙima ta farko, manhajar za ta samar masa da ɗan layi mai ɗigo wanda ake ja da yatsa don rage lambar ko ƙara ta. Idan c tana kan 3, lanƙwasar tana ratsa layin kwance a wuri biyu, a kan 1 da kan 3. Idan aka ja ta zuwa 4, wuraren biyu sai su matso juna har su haɗe a kan 2, lanƙwasar ta taɓa layin kawai ba tare da ta ratsa shi ba. Idan aka kai ta 5, sai lanƙwasar ta ɗaga sama gaba ɗaya, babu inda ta taɓa layin. Ɗalibin da ya haddace cewa b² − 4ac ce ke nuna yawan amsoshi, amma bai taɓa fahimtar me ya haɗa ta da amsoshin ba, a nan yake ganin 16 − 4c tana sauka daga 4 zuwa sifili zuwa −4 daidai lokacin da amsoshin suke raguwa daga biyu zuwa ɗaya zuwa babu. Na ga ɗalibai da yawa sun yi ta jan wannan ɗigo gaba da baya ba tare da an umarce su ba, kuma a ganina wannan ɗan lokaci ya fi musu amfani fiye da maimaita ƙa'idar da baki.

Haɗa aljebra da zane tsohuwar hanya ce, kuma manhajar tana ba malami damar farfaɗo da ita cikin sauƙi. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya warware x² + 10x = 39 ta hanyar zana murabba'i mai gefen x, aka manna masa filaye biyu masu faɗin 5 a gefuna biyu, sai ya rage wata kusurwa da ba a cike ba mai girman 25. Idan aka cike ta, jimillar ta zama 64, gefen babban murabba'in ya zama 8, saboda haka x ita ce 3. Ana iya gina wannan zanen a ɓangaren jometiri cikin ɗan lokaci, kuma daga nan ɗalibi yake gane cewa “cike murabba'i” da ake faɗa masa a aji murabba'i ne na gaske ake cikewa. Idan kuma aka ba Solve wannan tambayar, za ta ƙara da −13, amsar da zanen ba zai iya nunawa ba tunda tsawon gefe ba ya zama ƙasa da sifili, wanda hakan kansa darasi ne mai kyau game da inda zane yake tsayawa.

Inda na fi ganin amfaninta a aljebra shi ne wajen amsoshin bogi da ke shigowa idan an ninka ɓangarorin biyu da kansu. Misali, a √(x + 2) = x, ɗalibi zai ninka kowane ɓangare da kansa ya sami x² − x − 2 = 0, daga nan ya fitar da 2 da −1, ya ja layi biyu a ƙasa yana ganin ya gama. Amma idan aka mayar da −1 cikin tambayar asali, hagu zai ba da 1, dama ta ba da −1, ba su daidaita ba. A allon GeoGebra, idan aka zana y = √(x + 2) tare da y = x, za a ga sun haɗu a wuri ɗaya tak, wato (2, 2). Idan aka ƙara zana y = −√(x + 2), sai ga shi wannan sabuwar lanƙwasar ce ta haɗu da layin a (−1, −1), wato amsar bogin ta wata tambaya ce dabam wadda ninkawar ta shigo da ita ba tare da an lura ba. Bayanin da yake ɗaukar malami dogon lokaci a allo, a nan zane uku sun wadatar. Haka kuma tambayoyi masu haruffa biyu, irin 2x + y = 7 da x − y = 2, suna bayyana a matsayin layuka biyu da suka gitta juna a (3, 1), kuma idan aka sauya na biyun ya koma 4x + 2y = 10, layukan sai su jeru ba su taɓa haɗuwa ba, ɗalibi ya ga da idonsa abin da ake nufi da cewa tambaya ba ta da amsa.

Sai dai a nan ne kuma gibin manhajar ya fi fitowa fili. A ɓangaren CAS da Calculator Suite tana ba da amsa, tana ba da hoto, amma ba ta rubuta matakan da ke tsakanin tambaya da amsa, alhali mai duba takardar jarabawa matakan yake ba maki. Akwai wasu manhajoji da suka ɗauki wannan aiki, kamar Photomath da ta fito daga ƙasar Kuroshiya a 2014, wadda ake haska wa tambaya da kyamarar waya ta jero matakai, da Wolfram Alpha da aka ƙaddamar a 2009, wadda cikakkun matakanta suna cikin tsarin da ake biya. Ni dai ban ɗauki rashin matakan a matsayin babbar illa ba, domin matakan da aka miƙa wa ɗalibi a shirye suna saurin komawa abin kwafa, kuma yaron da ya kwafa yau gobe zai tsaya cak a gaban tambayar da aka ɗan sauya wa lambobi. Duk da haka, dole a faɗi gaskiya cewa ɗalibin da yake karatu shi kaɗai, ba malami ba littafi mai kyau, idan ya maƙale a tsakiyar aiki, waɗannan ɓangarori na GeoGebra ba za su nuna masa inda ya kauce ba sai in ya iya duba kowane layi da kansa. Hanyar yin haka ita ce ya rubuta layin da ya fara da shi da layin da ya samu, ya zana su duka biyu, idan zanen bai hau kan juna ba to kuskuren yana tsakaninsu. Dabara ce mai kyau, amma sai an koya wa mutum ita.

Tirigonometiri shi ne darasin da na fi ba manhajar maki a kansa. Yawancin ɗalibai suna shiga wannan darasi ta ƙofar alwatika mai kusurwar digiri 90, su haddace cewa sin shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa bisa gefe mafi tsawo, kuma komai yana tafiya daidai har ranar da aka tambaye su sin 150°, kusurwar da ba za ta shiga irin wannan alwatikar ba. A GeoGebra ana zana da'ira mai rabin faɗi 1, a ɗora ɗigo a kanta, a riƙa jan ɗigon yana zagayawa. Tsayin ɗigon daga layin kwance shi ne sin, nisansa daga layin tsaye shi ne cos. A digiri 30 tsayin rabi ne, yana ta hawa har ya kai 1 a digiri 90, sannan ya fara sauka, a digiri 150 ya dawo rabi daidai. Bayan digiri 180 ɗigon ya faɗa ƙasan layi, sin ya koma ƙasa da sifili. Wanda ya ja wannan ɗigo da yatsarsa ba ya buƙatar haddar da ake yi don tuna inda sin ko cos suke da alamar ragi, domin yana iya rufe ido ya hango da'irar.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan maki. Idan aka ce a warware 2 sin x = 1 tsakanin digiri 0 da 360, kalkuleta ta hannu za ta ba da 30 kawai, kuma ɗalibai da dama a nan suke tsayawa su yi asarar rabin amsa. A allon manhajar, layin y = 1/2 yana ratsa igiyar sin sau biyu a kowane zagaye, kuma ɓangaren CAS yana ba da amsar gaba ɗaya, wato π/6 da 5π/6 a ma'aunin kusurwa na radiyan, daidai da digiri 30 da 150, kowacce da ƙarin cikakkun zagaye na 2π, wato digiri 360. Haka nan bambanci tsakanin sin 2x da 2 sin x, wanda yake ruɗa kusan kowane sabon ɗalibi, yana warwarewa da zarar an zana su tare, domin na farko yana matse igiyar ta yi zagaye biyu a inda take yin ɗaya, na biyu kuma yana ninka tsayinta. Idan aka zana sin 2x tare da 2 sin x cos x, sai ɗaya ya hau kan ɗaya har ba a iya rabe su. Ina yawan jaddada wa ɗalibai cewa hawan zane kan zane ba hujja ba ce a lissafi, tunda ido ba ya ganin ƙaramin bambanci kuma allo yanki kaɗan yake nunawa, amma hanya ce mai sauri ta kama ƙa'idar da aka tuna ba daidai ba kafin a gina shafi guda na aiki a kanta.

Akwai tarko guda a nan da ya kamata a sani tun farko, wato batun digiri da radiyan. Idan aka rubuta y = sin(x), manhajar tana ɗaukar x a matsayin radiyan, shi ya sa igiyar take kammala zagaye a wajen 6.28 maimakon 360. Wanda yake son digiri sai ya sa alamar digiri a jikin x, ya kuma buɗe layin kwance ya kai 360. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin sin na digiri 30 rabi ne, amma sin na radiyan 30 kusan −0.988 ne. Wani abin kula kuma shi ne yadda ake rubuta kaso: da zarar an danna alamar rabawa, manhajar tana buɗe gurbi sama da ƙasa, kuma duk abin da aka ci gaba da rubutawa yana zama a ƙasan har sai an matsa gefe. Wanda yake nufin 1/x sannan a tara 1, idan bai fita daga gurbin ba, zai sami 1 bisa x + 1, kuma zanen da zai fito na wata tambaya ne dabam. A ƙaramin allon waya, inda madannai suke rufe kusan rabin fuskar, irin wannan kuskure ya fi saurin faruwa, saboda haka duk wanda yake da damar amfani da kwamfuta ko babban allo zai fi jin daɗin aikin.

Darasin iyaka, wanda shi ne ƙofar shiga kalkulas, reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa suke sauyawa, yana buƙatar a ɗan dakata a kansa, domin a nan manhajar take taimako matuƙa, a nan ne kuma hoto yake iya yaudarar mai kallo. Ma'anar iyaka ita ce ƙimar da amsa take dosa yayin da x take matsowa kusa da wata lamba, ko da a ce a kan lambar kanta babu amsa. Misalin da ya fi shahara shi ne sin x bisa x yayin da x take dosar sifili. A kan sifili ana samun sifili bisa sifili, wanda ba shi da ma'ana, amma jadawalin ƙima na manhajar yana nuna kusan 0.9589 a x = 0.5, da 0.9983 a x = 0.1, da 0.99998 a x = 0.01, kuma umarnin Limit yana tabbatar da cewa iyakar 1 ce. Wannan sakamako a radiyan kaɗai yake tsayawa. Idan aka sa alamar digiri a jikin x ɗin da ke cikin sin, iyakar sai ta koma π/180, kusan 0.01745, kuma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa kalkulas yake aiki da radiyan, amsar da ɗalibai suke yawan nema amma ba kasafai ake nuna musu ita a fili ba. Haka kuma (1 + 1/n) da aka ninka da kanta sau n tana ba da kusan 2.5937 a n = 10, da 2.7048 a n = 100, da 2.7169 a n = 1000, tana tafiya a hankali zuwa lambar e, wato kusan 2.71828, kuma ganin wannan tafiyar yana kawar da zaton da ake yawan yi cewa amsar 1 ce tunda 1/n tana ƙanƙancewa.

Game da yaudarar hoto kuwa, a duba (x² − 1) bisa (x − 1). Zanen da zai fito miƙaƙƙen layi ne sak irin na y = x + 1, kuma ramin da ya kamata ya kasance a x = 1 ba ya bayyana, domin ɗigo ɗaya ba shi da faɗin da allo zai nuna. Sai an nemi ƙimar a kan 1 kai tsaye sannan manhajar take nuna cewa babu ita, alhali iyakar 2 ce. Bambanci tsakanin ƙima a kan wuri da iyaka a dosar wurin shi ne zuciyar darasin baki ɗaya, kuma shi ne abin da zanen yake ɓoyewa, saboda haka wajibi ne malami ya sa buɗaɗɗen ɗigo a wurin da hannunsa. Umarnin LimitAbove da LimitBelow suna gyara wani ɓangare na matsalar, domin suna raba zuwa daga dama da zuwa daga hagu. A 1/x kusa da sifili, daga dama amsar tana hawa ba ƙarshe, daga hagu tana sauka ba ƙarshe, kuma a |x|/x dama tana ba da 1, hagu tana ba da −1, wanda ya nuna babu iyaka guda a wurin. Shi kuwa sin(1/x), duk yadda aka zuƙo zanen kusa da sifili, sai dai a ga layuka sun cushe sun zama baƙin tabo, tunda igiyar tana kai da komo tsakanin 1 da −1 sau ba adadi, kuma babu allon da zai iya zana hakan.

Jadawalin ƙima ma yana da nasa haddin, kuma wannan ya shafi kowace na'ura da ke riƙe lambobi 15 zuwa 16 kawai a cikin lissafinta. Iyakar (1 − cos x) bisa x² a dosar sifili rabi ce, kuma a x = 0.1 ko 0.01 jadawalin yana nuna ƙima kusa da 0.5 kamar yadda ake tsammani. Amma idan ɗalibi ya ce bari ya ƙara matsowa sosai ya sa x = 0.000000001, cos x zai yi kusa da 1 har na'urar ta kasa rabe su, ta ɗauke shi 1 cif, ragin ya zama sifili, amsar ma ta fito sifili. Mai ƙwazon da ya fi kowa matsowa shi ne zai sami amsar da ta fi nisa da gaskiya. Umarnin Limit ba ya faɗawa wannan rami domin da alamomi yake aiki, yana ba da 1/2 daidai, kuma ina ganin ya dace kowane malami ya nuna wa ajinsa wannan misali sau ɗaya, domin su san dalilin da ya sa masana irin su Cauchy da Weierstrass suka tsaya a ƙarni na 19 suka kafa wa iyaka ma'ana tabbatacciya wadda ba ta dogara da gwada lambobi ba.

Sauran abubuwan da ke tattare da manhajar ba sa buƙatar dogon bayani. Shafinta yana ɗauke da ɗimbin darussa da malamai daga ƙasashe daban-daban suka gina suka ajiye don kowa ya amfana, sai dai ingancinsu ya bambanta, wasu an tsara su da kyau, wasu kuma an bar su rabi da rabi, don haka gara malami ya zaɓa wa ɗalibansa da kansa. Akwai tsarin aji da ke ba malami damar ganin aikin kowane ɗalibi yayin da yake yi, akwai kuma yanayin jarabawa da ke nuna alama idan ɗalibi ya fita daga manhajar, ko da yake amfani da ita a ɗakin jarabawa ya dogara ne da dokar hukumar da ke shirya jarabawar, kuma da yawa ba sa barin waya ta shiga.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara warware tambaya a takarda har ƙarshe, sannan ya buɗe GeoGebra ya zana ɓangarorin biyu ya ga ko sun haɗu a inda ya ce, ya kuma ƙirga wuraren haɗuwar don tabbatar da cewa bai bar wata amsa a baya ba, bai kuma shigo da ta bogi ba. Ga malami kuwa, darussa uku ne zan ce ya fara da su, wato jan harafin c a lanƙwasar x² − 4x + c, da ɗigon da ke zagaya da'ira, da jadawalin sin x bisa x, domin kowannensu ana iya gina shi a gaban aji cikin ƴan mintuna ba tare da wani shiri na musamman ba.